Ƙahona da Kurakuraina

Garuwa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Usmanu,

Assalamu alaikum. Babana, ina gaishe ka gaisuwar uba mai farin ciki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a jirgin ƙasa ka buɗe ta bayan kun bar Ngawundere, ko sai ka sauka Duwala ka huta. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Na ba mahaifiyarka ita ta cusa maka cikin akwatin jitarka, don na san can ne kaɗai ba za ka kwana ba ka duba ba.

Ka san ni ba gwanin magana ba ne in babu ƙaho a bakina. Tun ranar da masu kiɗan Duwala suka aiko cewa sun ɗauke ka nake shirin in zaunar da kai, amma da na buɗe baki sai in ji ina tambayarka ko ka ci abinci. To ga shi na rubuta. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni sanin halin da ka baro shi. Kurakuraina zan faɗa maka. Ka ci sunan mahaifina, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanka kai tsaye, shi ya sa kuma ba zan iya yi maka ƙarya ba. Shi dai na taɓa yi masa, kuma da ita zan fara.

Ina da shekara ashirin ina taya kakanka, Alhaji Usmanu, cinikin fata da ƙiraga. Da damina in Binuwai ta cika, jiragen ruwa kan hauro daga Nijeriya su tsaya a bakin kogi, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki auduga da gyaɗa da fatunmu. Wata rana da hantsi ana loda kaya, sai na ji wani sauti daga cikin wani jirgi. Ba algaita ba ce, ba sarewa ba ce, kamar dai mutum yana ba da labari yana dariya yana kuka duk a numfashi ɗaya. Na bar fatun nan a rana na bi sautin. Na tarar da injiniyan jirgin, wani mutumin Saliyo da ake ce wa Mista Kol, zaune kan durom, hannunsa duk baƙin mai, yana busa wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Ya ce mini sunan abin saksofon. Ya ɗora mini faifai a garmaho, ya ce wannan kiɗan kuma jaz ake ce masa, baƙaƙen Amurka ne suka ƙirƙiro shi, jikokin mutanen da aka kwashe daga ƙasashenmu. Ƙa'idarsa ita ce a fara waƙa tare, sannan kowa ya fito shi kaɗai ya faɗi abin da ke ransa a kanta, kuma abin da ka busa yau ba lalle ka sake busa shi gobe ba. Damina uku yana koya mini. A ta ukun ya bar mini ƙahon, ya ce haƙoransa sun fara zuba, ba ya son abin ya mutu cikin akwati.

Ni kuwa sai na ɓoye shi a sito, ƙarƙashin fatu. Kullum bayan la'asar in ce wa Alhaji zan tafi karatu wurin malam, in zarce bakin kogi in yi ta busa har kifaye su gaji da ni. Shekara biyu ina haka, ina ganin na fi kowa wayo. Wata Jumma'a mun dawo daga masallaci, ya zauna a zaure, ya ce in je sito in ɗauko masa abin nan da ke kwana da fatunsa. Na kawo, ya jujjuya shi, ya sunsuna, ya ce ko ƙarfen ma ya ɗauki warin gidanmu. Sannan ya ce in busa. Na busa. Da na gama ya dube ni.

"Audu, busar ba ta dame ni kamar ƙaryar ba," in ji shi. "Tun makon farko malaminka ya tambaye ni ko ba ka da lafiya. Shekara biyu nake jira ka faɗa mini da bakinka."

Ya gindaya mini sharuɗɗa: kada salla ta wuce ni, kada in sha abin da zai juya mini kai. Ya ƙara da cewa in dai zan yi, to in iya, don zai iya jure a ce ɗansa makaɗi ne, amma ba zai jure a ce makaɗi ne kuma bai iya ba. Na fita zauren nan ina dariya ina hawaye.

Babana, shekara biyu na sha wahalar ɓoyo a banza, na hana kaina daɗin uba da ya fi yadda na zace shi. Kada ka ɓoye wa masu ƙaunarka halin da kake ciki. In abu ya lalace a Duwala, ka rubuto ka ce ya lalace. Mahaifiyarka za ta gane ko ba ka faɗa ba, daga yadda ka ja alƙalami ma tana ganewa.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Ka san Baba Daniyel, ka tashi kana hawa wuyansa, amma ba ka san yadda muka fara ba. Daga duwatsun Poli ya sauko yana aiki a injin gurzar auduga, Kirista ne, a coci ya koyi ganga, kuma har yau ban ga mai hannu irin nasa ba. Mu huɗu muka haɗa ƙungiya. A lokacin Turawa ne ke mulki, suna da kulob nasu, suka ɗauke mu kiɗan rawar yammacin Lahadi. Ta ƙofar kicin muke shiga. Ba ma zama a kujerunsu ko da babu kowa. Akwai wani kofin gwangwani rataye a ƙusa, shi ne namu, mu huɗu.

Wata Lahadi na gama busa wani wuri mai wuya, na san na yi kyau, sai wata mata da ke gaba ta juya ta ce wa mijinta da Faransanci abin mamaki ne yadda ake iya koya wa biri abu. Ta zaci ba ma ji. Ka san abin da na yi? Na yi murmushi na rusuna. Da aka tashi, kuku ya ajiye mana tiren shinkafa ɗaya a bayan kicin. Daniyel ya wanke hannu ya sa. Ni kuwa na janye nawa, na ce a ba ni faranti dabam, ni ba na haɗa kwano da mutanen dutse. Maganar na taɓa jin ta a bakin manya, ban taɓa faɗa ba sai ranar. Daniyel bai ɗaga murya ba, bai ma daina cin abincinsa ba.

"Ashe kai ma kana da taka ƙofar kicin, Audu," ya ce.

Kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba. Na gane abin da ya faru da ni: zagin da na haɗiye a ciki na fito da shi ina neman wanda zan juye wa, kuma na zaɓi wanda na ga ba zai rama ba. A rana ta huɗu na je har ɗakinsa na ba shi haƙuri, na ci tuwon da matarsa ta tuƙa. Ya ce ya yafe, amma matar nan ta kulob ba da baki za mu amsa mata ba, tunda muna da kayan aiki.

Lahadin da ta biyo ta zo ta zauna a wurinta. Tana da wata irin magana ta hanci, mai hawa sama ta tsinke da 'yar dariya. Da aka zo wurin da zan fito ni kaɗai, Daniyel ya rage kiɗa ya bar mini fili, ni kuwa na busa muryarta sak, har da 'yar dariyar, na juya ta, na miƙa ta, na mai da ita waƙa mai daɗi. Masu raba abinci suka fara gane wa nake nufi. Ɗaya ya ajiye tire ya ruga kicin, muna jiyo su can suna shiƙar dariya. Turawan kuwa suka yi ta tafi, ita ce ma ta fi kowa. Ban taɓa jin daɗin tafi irin na ranar ba.

Da aka sami 'yancin kai, ranar farko da muka je za mu shiga kulob ɗin ta babbar ƙofa, Daniyel ya shiga, ya fito, ya sake shiga, ya fito, har sau uku. Mai gadi ya tambaye shi ko mantuwa ya yi. Ya ce a'a, gwadawa yake yi ya ji ko ƙofar tana cizo.

A Duwala za su kira ka ɗan arewa, za su kwaikwayi Faransancinka, wani ma zai tambaye ka ina shanunka. In ka haye teku za ka ji abin da ya fi haka. Ban ce ka yi faɗa ba, ban kuma ce ka rusuna kana murmushi kamar yadda na yi ba. Ka tsaya tsaye, ka faɗi cewa ka ji, kuma ba ka yarda ba. Amma abin da na fi ja maka kunne a kai, ka kula da wanda za ka fara haɗuwa da shi bayan an wulaƙanta ka, don shi ne ke cikin haɗari. Abokan kiɗanka za su fito daga ƙabilu da addinai iri-iri. In dai abincin halal ne, ka wanke hannu ka zauna.

Yanzu sai kifin. Na san ka gaji da jin waƙar, amma ba ka san dukan labarinta ba. Kana ɗan shekara huɗu muka tafi Duwala ni da Daniyel, muna kiɗa a wani otel. Wata safiya muna gwaji, ya shigo da tarwaɗa mai rai a cikin roba, wai ta abincin rana. Muna tsakiyar wata waƙa mai sanyi, tarwaɗar nan ta yi tsalle ta faɗo, ta sulale ƙarƙashin fiyano. Mai fiyano ya hau kujera. Daniyel ya bi ta da rarrafe da sandunan ganga a hannu. Ni dariya ta hana ni busa abin kirki, sai na busa 'yan sautuka uku na wasa, na rera "kifi ya tsere, a tare, a tare." Wani ma'aikacin rediyo da ke shan kofi a wurin ya ce mu sake. Muka sake. Ya ce gobe mu zo a ɗauka.

Babana, ban san abin da ya faru ba. Waƙar da ba ta ɗauke mu minti biyar ba ta cinye ƙasar nan. Direbobi suka rubuta ta a bayan manyan motoci. Aka mai da ita Fulatanci, aka mai da ita Faransanci. In ɓarawo ya kuɓuce wa jandarma a kasuwa, ita yara ke rerawa. Mahaifiyarka ta rubuto cewa in aka sa ta a rediyon shago, kakanka yakan ɗaure fuska ya ce wa maƙwabta wannan hayaniyar ɗansa ne ke yin ta, sannan ya ƙara murya. Wannan lokaci ne mai daɗi ƙwarai, kuma ina yi maka fatan irinsa. Daɗi ne ka hau mota ka ji baƙo kusa da kai yana fito da abin da ya fito daga kanka.

Sai ga wani Bafaranshe mai buga faifai, Musiye Rolan, ya ce zai kai ni Faris. Na ce mu biyu ne. Ya ce ni kaɗai yake so, mai ganga ana samu ko'ina. Na san ba gaskiya ba ne, na san rabin waƙar ta Daniyel ce, kifin ma nasa ne. Amma na sa hannu a kwantiragin, ban ma karanta shi duka ba, kuma na kasa faɗa wa Daniyel. Kullum sai in ce gobe. A bakin mai gadin otel ya ji. Ranar tafiya shi ya ɗauki akwatina har bakin jirgi, ya ce in sayi rigar sanyi da na sauka. Sannan ya tattara gangunansa ya koma Poli.

A Faris, ɗakin haya na farko da na je, matar da ke da gidan ta amsa ta waya cewa akwai, da ta buɗe ƙofa ta ga fuskata sai ta ce yanzun nan aka kama. Haka na biyu. Wannan ya yi mini ciwo, amma abin da Musiye Rolan ya yi cikin fara'a ya fi shiga jiki. Ya kawo mini fatar damisa da mashi, ya ce da su zan hau dandamali, ƙirji a waje. Na karɓi fatar na shafa ta, na ɗaga ta ga haske. Ni ɗan mai cinikin fata ne, ba a yi mini wannan. Na ce masa wannan akuya ce aka ɗiga wa fenti. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Turawa ba za su gane ba. A takardar talla aka rubuta wai daga ƙurmin daji na fito, wurin tsuntsaye na koyi busa. Da na nemi in sa jaz ko ɗaya a faifan, ya dafa kafaɗata ya ce jaz na Amurkawa ne, ni ɗan Afirka ne, ganga da dariya ake so daga wurina.

Na sa fatar akuyar, Babana. Ba sau ɗaya ba. Aka yi ta tafi, hotona ya fito a jarida, na sayi kwat da takalma masu ƙyalli, na riƙa gaya wa kaina na ɗan lokaci ne.

A ɗakin ɗaukar faifai akwai wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka mai kaɗa fiyano, Mista Hawad. Ya baro ƙasarsu ne don ya gaji da yin kiɗa a otel ɗin da ba a yarda ya kwana a ciki ba. Wata rana kafin a fara aiki ya ji ina ɗumama ƙaho da abin da Mista Kol ya koya mini. Sai ya ɗora hannu kan fiyano ya biyo ni. Muka yi kusan rabin sa'a ba mu san inda muke ba. Da muka tsaya, ya tambaye ni da guntun Faransancinsa.

"Yaushe rabon da ka busa abin da ba ka san yadda zai ƙare ba?"

Na duba, ya fi shekara. Daga nan nake zuwa ɗakinsa da safe muna kiɗa, matarsa tana kawo mana shayi. Rai ya dawo mini. Amma maimakon in ga laifina, sai na ɗora wa kifin laifi, na tsani waƙar, na fara raina masu son ta.

Wata Lahadi da rana aka gayyace ni wani zaure, taron 'yan Afirka mazauna can: masu sharar titi, ma'aikatan kamfanonin mota, 'yan makaranta. Tun kafin in hau suke kiran kifi. Na kama makirfo na ce ni makaɗi ne, ba mai sayar da kifi ba. Na busa musu jaz doguwa, ba don in faranta musu ba, don in nuna musu na fi ƙarfinsu. Suka zauna shiru cikin ladabi har na gama. Ina haɗa kaya sai wani mutum ya matso, hularsa a hannu, ya gaishe ni da Hausa. Mutumin garin Mora ne, can arewa da mu, shekararsa shida bai ga gida ba. Ya ce tun asuba ya hau jirgin ƙasa daga garin da yake shara. Ya ce ƙanwarsa ta rubuto masa cewa da waƙar kifi aka yi rawar bikinta, shi ya sa ya so ya ji ta daga bakin mai ita, ko ya ji kamar ya halarta. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya ce abin da na busa ma ya yi daɗi, ya yi mini godiya, ya juya.

Na riƙo hannunsa. Na sake buɗe akwatin, na busa masa kifi a bakin ƙofa, shi kaɗai. Waɗanda suka fara fita suka jiyo suka dawo, kafin ka ce me an cika matakala ana rawa, mai kula da zauren yana ta faɗa da makulli a hannu, daga baya shi ma yana kaɗa ƙafa. Ina cikin busawa sai na ji waƙar ta buɗe mini. Na bar hanyarta na yi sama, na zaga inda raina ya so, na dawo na same su suna jirana da "a tare, a tare." Ashe jaz ɗin da nake ta nema wuri in sa shi, yana iya zama cikin kifin tun farko.

Wasan da ya biyo baya na hau dandamali da babbar rigata da hula. Musiye Rolan ya ce in koma in canza. Na ce masa akuyar ta gaji. Ya soke kwantiragin, kuma da yake ban karanta ba, a ranar na san na bar masa waƙar gaba ɗaya. Mista Hawad ya raka ni tasha, ya ce bai taɓa ganin wanda aka kora yana tafiya da ƙwambo haka ba.

Ga abin da na tsinta a nan, ka riƙe. Duk takardar da aka ba ka, ka tafi da ita gida, ka karanta sau biyu, ka kai wa wanda ya fi ka sani. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu, ka bar masa takardarsa. In wani ya ce zai ɗaukaka ka amma sai ka zama abin da yake so ya nuna wa mutanensa, ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa haka a gaban mahaifiyarka. In Allah Ya ba ka waƙar da mutane suka so, kada ka raina ta, kada ka raina su. Ba ka san daga ina mutum ya taso ya zo ya ji ta ba. Amma kullum da safe ka ware sa'a ɗaya ka kaɗa abin da ba mai saya, don kada hannunka ya manta kai wane ne.

Shekara huɗu na yi ban taka Garuwa ba, wasiƙuna kuwa ba su kai yatsun hannu biyu ba. Da na shigo gida na ware hannu, kai sai ka ɓuya bayan zanen mahaifiyarka kana tambaya wane ne baƙon. Duk tafin Faris bai biya ni wannan ba. Kakanka ya tsufa, ya dube ni ya ce ya ga hotona da fatar akuya, kuma abin da ya fi ba shi haushi jimar ba ta yi kyau ba. Mahaifiyarka ta bar ni na huta kwana biyu. A na uku ta ajiye mini jakata a bakin ƙofa, ta ce motar Poli da safe take tashi, kuma kada in dawo mata da labarin ban same shi ba.

Na same shi a gona yana yankan dawa. Ya miƙe ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce na yi ƙiba. Na fara jawabin da na shirya tun daga Garuwa, ya katse ni.

"Tafiyar ba ta yi mini ciwo ba, da ni ne ma zan tafi. Ji daga bakin mai gadi shi ne ya yi mini ciwo."

Na ce na sani, tsoro ne ya hana ni, ya yafe mini. Ya share zufa, ya dubi jakata, ya tambaya ko na zo da ƙahon ko kuwa surutu kawai na kawo. Da la'asar muka hau kan wani falalen dutse a bayan gidansa. Gangunansa na Turawa ya daɗe da ba coci, sai ya kife ƙwarya biyu da tulu. Na busa, ya amsa, kamar jiya muka rabu. Mata suka ajiye taɓarya, tsofaffi suka fito da sanduna, har limamin cocinsu ya zo ya tsaya yana gyaɗa kai. Babu fitila, babu makirfo, babu mai ɗaukar hoto, kuma in ka tambaye ni wasan da ya fi kowanne a rayuwata, shi ne wannan. Tun daga shekarar, in ya gama girbi yakan sauko mu yi rani tare muna kiɗa.

Wata rana za a zo a ce kai kaɗai ake so. Ban ce lalle ka ƙi ba. Amma kafin rana ta faɗi ka je ka sami abokinka, ka dube shi, ka faɗa masa da bakinka. In kuma ka yi iyali, ka tuna yaro ba ya gane uba a rediyo.

Saura abu ɗaya, shi ma kuskure ne, kuma sabo ne. Makon jiya bayan la'asar na dawo daga kasuwa, na ji kana gwaji a ɗakinka. Na tsaya a bayan katanga da ledar tumatir a hannu. Ka ɗauko wani kiɗan garaya irin na mafarauta, ka ɗora shi a jita, ka bi da shi wata hanya da na yi ta ƙoƙarin in hango inda za ka sauka na kasa. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa tunanin ana iya bi ta nan ba. Na tsaya har mahaifiyarka ta leƙo neman tumatir ɗinta, ta same ni ina share ido. Da ka fito, abin da na ce maka shi ne tsirkiyarka ta uku ta ɗan saki. To, ba ta saki ba, Babana. Lafiyarta lau. Ka wuce ni, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba.

Ka tafi da yardata da ta mahaifiyarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka a hannu nagari, Ya tsare maka sallarka da lafiyarka da hannuwanka. Allah Ya kare ka daga mai wulaƙanta ka, Ya kare wasu daga wulaƙancinka. Ya ba ka farin jini mai albarka, Ya dawo mana da kai muna raye mu ji abin da ka koyo. Ƙannenka suna gaishe ka, Baba Daniyel ya aiko daga Poli a ce maka jam, wato lafiya da Fulatanci, kuma wai in ka yi waƙa a kansa ka ce dogo ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
Audu Mai Ƙaho